Ƙotar Gatarin Kakana: Tarihin Dokar Daji a Ƙasarmu

A ɗakin kakana, can bayan randar ruwa, akwai wata ƙotar gatari da ba ta da ƙarfe. Tun ina yaro nake ganinta, ba a aiki da ita, ba a kuma yarda a sa ta a murhu. Hutun bara da na je ƙauyenmu, tsakanin Agye da Tasawa, sai na daure na tambaye shi.

Ya dube ni ya yi dariya, ya ce: "Kai ɗan lakwal, mi za ka yi da labarin ƙota? Ko shi ma rubuta shi za ka yi?"

Na ce, "Kaka, in ka ba ni, rubutawa zan yi."

Ga abin da ya gaya mini. Wata bazara, shekaru kaɗan bayan babban farin 1973, tumakinsa sun rame har suna tangaɗi. Ya hau wani gawo da ke tsakiyar gonarsa, gonar da ya gada wurin ubansa, ya sassaro rassa don dabbobi su ci ganye. Bai sauko ba sai ga wani mai kaki a kan doki. Mutumin ya karɓi gatarin, ya buge ƙarfen ya sa a jaka, ya jefo masa ƙotar, ya kuma yanka masa tara jikka uku. Sai da kakana ya kai jar akuyarsa kasuwa kafin ya biya.

Na ce, "To daga nan sai ka daina taɓa icce ke nan?"

Ya ce, "A'a hwa! Daga nan na daina barin icce. Duk tohon da na gani a gona, tun yana ƙarami nike gamawa da shi. Gona tawa ce, icce na gwamnati ne. Don mi zan rena ma wani ɗa a cikin gidana, in ya girma ya kai ni ƙara?"

Wannan magana ce ta sa ni bin tarihin dokokin da aka yi don kare itatuwa da tsirran daji a Nijar. A kwanakin nan muna yawan jin ana cewa a ƙarfafa doka, a tsananta hukunci. Ni ma ina son a ƙarfafa. Amma kafin mu ɗaga murya, ƴan uwa ɗalibai, ya kamata mu san cewa ƙasar nan ta taɓa yin doka mai tsanani, kuma a ƙarƙashinta ne gonakinmu suka zama fili fetal.

Kafin zuwan Nasara

Kada wani ya ce mana Turawa suka kawo tunanin kare icce. A Damagaram har yau ana ba da labarin Sarki Tanimune, wanda ya yi sarauta daga wajen 1851 zuwa 1884, cewa ya hana saran gawo a ƙasarsa, kuma hukuncin wanda ya karya dokar mai tsanani ne ƙwarai, har tsofaffi na cewa a bakin ransa. Sarkin ya san abin da kowane manomi ya sani: gawo icce ne mai saɓa wa sauran itatuwa. Da damana yake zubar da ganye, saboda haka ba ya tare wa hatsi rana, ganyen kuma ya zama taki. Da rani, lokacin da kowa ya bushe, shi yake yin kore, ya ba dabbobi inuwa da ƴaƴa. Dabbobin su kwanta a gindinsa su ƙara wa ƙasa taki. Shi ya sa hatsin gindin gawo ya fi na ko'ina tsawo.

Bayan dokar sarki akwai ta al'ada. Tsamiya da kuka ana jin tsoronsu saboda an ce mazaunin iskoki ne. Akwai kurmin da ba mai shiga da gatari. Ɗorawa da kaɗanya suna da masu su, an san wanda ke da haƙƙin ƴaƴansu. Sannan akwai wani mai gadi da ba a cika ambatonsa ba, wato yaƙi. A ƙarni na 19 mutanen Maraɗi sun taƙure ne a cikin kwarin gulbi da garuruwa masu ganuwa, saboda hare-haren da ke tsakaninsu da daular Sakkwato. Dajin da ke tsakanin masu gaba ba mai iya noma shi, sai ya zauna da kaurinsa. Da yaƙe-yaƙe suka ƙare a farkon ƙarni na 20, mutane suka bazu kan jigawa, suka kafa ƙauyuka, gatari ya shiga inda bai taɓa shiga ba.

Dokar 1935

Faransawa sun kama Damagaram a 1899. Shekaru 36 bayan haka, ranar 4 ga Yulin 1935, suka fitar da dokar daji da ta shafi dukkan ƙasashen da suke mulka a Afirka ta Yamma. Dokar ta ce duk dajin da suka ɗauka ba shi da mai shi, na hukuma ne. Ta raba daji gida biyu: wanda aka killace aka hana noma a ciki, da sauran daji da ake iya amfani da shi amma bisa sharaɗi. Ta kuma jera wasu itatuwa da ba a sara sai da takardar izni.

A daidai lokacin ne wani masanin daji ɗan Ingila mai suna Stebbing ya ta da hankalin Turawa da cewa Sahara na tafiya kudu za ta cinye ƙasar Hausa. Sai Faransa da Ingila suka haɗa tawaga, ta zagaya iyakar Nijar da Nijeriya tsakanin 1936 da 1937. Tawagar ba ta ga rairayi na tafiya kamar yadda aka faɗa ba, amma ta ɗora laifin lalacewar daji a kan noma da sara da gobara. Ɗaya daga cikinsu, Aubréville, shi ne daga baya, a 1949, ya yaɗa kalmar da muke fassarawa da kwararowar hamada. Tun daga wannan zamani aka kafa wani tunani da ya daɗe bai mutu ba: baƙauye shi ne abokin gaban icce, aikin hukuma kuwa ta shiga tsakaninsu. Shi ya sa aka yi wa ma'aikatan daji tsarin soja, da kaki da galo.

Abin mamaki, hukumar da ke hana sara ita ce kuma ke neman haraji da kuɗi, kuɗin kuwa sai an noma gyaɗa. Gyaɗa tana son sabuwar ƙasa. Da hannun dama ana hana manomi taɓa icce, da na hagu ana tura shi ya share daji.

Ƴancin kai bai canja dokar ba

Mun sami ƴanci a 1960, amma dokar daji ta zauna kusan yadda aka bar ta. Malaman gona na wancan lokaci suna koyar da cewa gonar zamani ita ce wadda aka tumɓuke kututturanta, don garmar shanu ta wuce ba cikas. Manomin kirki shi ne mai gona tas. Wanda ya bar sabara da kalgo a gonarsa, raggo ake ce masa.

Sai fari ya zo, daga ƙarshen shekarun 1960 har ya kai maƙura a 1973. Dabbobi suka mutu, mutane suka yi ta saran itace suna kai wa birni don su sami abin awo. A wannan shekara ce ma wata babbar mota ta buge iccen nan tilo na Tenere, wanda yanzu gawarsa ke gidan tarihi na Yamai. Ranar 4 ga Maris 1974, makonni shida kafin sojoji su kifar da Jori Hamani, aka fitar da sabuwar dokar daji ta ƙasa. Ta jera itatuwa iri 15 da ke ƙarƙashin kariya, daga cikinsu akwai gawo, tsamiya, kuka, ɗorawa, kaɗanya, giginya, goriba, aduwa, maɗaci, dakwara da bagaruwa. Niyyar mai kyau ce, ba wanda zai musa. Amma dubi jerin da kyau: waɗannan su ne itatuwan da manomi ke bari a gonarsa tun kaka da kakanni saboda amfaninsu. Da aka ce ba ya da ikon yanke ko da reshe sai da takarda, sai iccen ya tashi daga dukiya ya koma tarko. Wannan doka ce ta ci akuyar kakana.

Gwamnatin Seyni Kunce ta ɗauki wata hanya, wato dashe. Daga 1975 ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen itace. Aka kafa gandun renon iri, aka yi ta dasa dogon yaro da iccen turare. Wani wurin an ci nasara: a kwarin Maggiya, cikin jihar Tawa, layukan dogon yaro da aka fara dasawa a 1975 don tare iska sun rayu, sun kare gonaki. Amma a wurare da yawa abin da aka dasa da damana, kafin wata damana awaki da gara da ƙishirwa sun gama da shi. Iccen da aka dasa a filin kowa, na kowa ne, wato ba na kowa ba. Ana ta kawo baƙin itatuwa a cikin leda, alhali ƴan gida suna kwance a ƙarƙashin ƙasa ana sare musu kai kowace shekara.

El-Buhari da abin da ya biyo baya

A watan Mayun 1984 Kunce ya tara manyan ƙasa a nan Maraɗi don muhawara kan yaƙi da hamada. Abin da taron ya fitar, wanda ake kira Alkawarin Maraɗi, ya amince cewa ba za a ci wannan yaƙi ba sai da hannun talakawa. Damanar wannan shekara ba ta yi ba. Nijeriya kuma ta rufe iyaka, shi ya sa mutanenmu suka sa wa yunwar suna El-Buhari, kamar yadda kakanni suka sa wa ta 1913 zuwa 1914 suna Kakalaba.

Shekara guda kafin nan, wani Bature ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, da ke aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, ya gaji da dashen da ba ya rayuwa. Wata rana ya tsaya a hanya ya lura da ƴan kurarrajin da ke cikin gonaki, ya gane ba ciyawa ba ne, tohon kututturan manyan itatuwa ne da saiwarsu ke raye. Ba sai an dasa ba. A zaɓi toho ɗaya zuwa biyar masu ƙarfi, a sassabe sauran, a bar su su miƙe. Abin da aka zo ana kira sassaben zamani ke nan. A lokacin yunwar aka haɗa shi da rabon abinci: ka bar toho a gonarka, a ba ka hatsi. Ƙauyuka kusan 100 suka shiga. Da rabon ya ƙare, wajen kashi biyu cikin uku na itatuwan aka sare. Amma waɗanda suka bar nasu sun ga abin da ya faru: iska ba ta binne musu shuka ba, matansu sun sami makamashi kusa, kuma hatsin bai ragu ba.

Babana yana cikin waɗanda suka bari. Ya ce kakana ya yi kwana uku ba ya amsa gaisuwarsa, yana cewa zai ja masa wata tarar, kuma zai sa a riƙa yi da gidansu a gari wai sun kasa share gona. Abin da ya kwantar da hankalin tsoho shi ne, shekara ta zagayo ba wanda ya zo. A jihar Maraɗi hukumar daji ta sassauta wa manoman da ke renon toho. Daga baya kuma, rikicin siyasa da talaucin gwamnati na shekarun 1990 suka sa masu kaki suka rage shiga ƙauye. Mutane suka fara ɗaukar iccen gonarsu nasu ne, tun kafin takarda ta faɗa.

Kada kuma mu mayar da tarihin nan labarin mutum guda. A Magarya da Matamai da Mirya manoma sun yi ta renon gawo da kansu, bisa sanin da suka gada, har yankin ya zama kamar kurmi. Da masu bincike irin su Mahamane Larwanou da Chris Reij da Gray Tappan suka auna abin a tsakiyar shekarun 2000, ta hanyar kwatanta tsoffin hotunan jirgin sama da na tauraron ɗan Adam, sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da suka sake yin itatuwa, kimanin icce miliyan 200. Wannan ya faru ne a ƙasar da jama'arta suka tashi daga wajen miliyan 3 a 1960 zuwa miliyan 17 a ƙidayar 2012. An ce yawan mutane ke kashe icce, sai ga shi inda mutane suka fi cunkushewa nan icce ya fi dawowa.

Doka tana biye da manomi a baya

In ka jera dokokin da suka zo bayan nan, za ka ga kowace tana ƙoƙarin cim ma abin da ƙauye ya riga ya yi. A 1992 aka yi dokar kasuwannin itacen karkara, wadda ta ba ƙauyuka ikon sayar da makamashi daga dajin da suke kula da shi, kamar yadda aka yi a Baban Rafi, kudu da Maraɗi. A 1993 aka kafa ƙa'idojin dokar karkara, aka amince da mallakar ƙasa ta gargajiya. A watan Yunin 2004 sabuwar dokar daji ta maye gurbin ta 1974. Sai a watan Yulin 2020 aka fitar da dokar da ta tsara sassaben zamani, ta kuma tabbatar wa manomi haƙƙi a kan iccen da ya rena. Daga 1984 zuwa 2020 shekaru 36 ke nan. Wanda ya fara barin toho yana saurayi, sai da ya yi jikoki kafin takarda ta ce masa sannu da aiki.

Jerin kakata

Da a nan labarin ya tsaya, da sai mu tafa mu watse. Amma daren da kakana ya gama ba ni labarin ƙota, kakata da ke gefe tana sauraro ta sa baki.

Ta ce, "Maigidana, kai da kakanka kuna ta zancen gawo. To ina tsada? Ina gwandar daji? Yaushe rabonka da ganin kirya mai kaurin da za a sassaƙa turmi? Jiga da muke tsinka bayan gari, yanzu sai wa?"

Ta yi ta lissafi da yatsu: faru, ɗinya, kanya, marke, madobiya. Ta ce gamba da ake yin zana da ita, da can a bakin kowace gona take, yau saye ake yi. Ta tuna mini 2005, shekarar da rumbuna suka ƙare tun kafin damana, yadda mata suka yi ta jiƙa anza kwana da kwanaki suna sauya ruwa don ɗacin ya fita, da ita da tafasa da yaɗiya aka riƙe yara har sabon hatsi ya nuna. Ta ce, "Ran da wata yunwa ta zo ba anza a daji, mi za ku ci? Takardunku?"

Gaskiyarta. Sassaben zamani yana tsirar da abin da ke da kututture mai rai ne kawai, kuma manomi yana zaɓen abin da ke saurin girma da saurin amfani: gawo, sabara, kalgo, aduwa. Iccen da ya riga ya ƙare a gona ba shi da tohon da za a rena. Kuma duk nasarar nan a cikin gona aka yi ta, inda ake da mai ita. Dajin da ba na kowa ba, makiyaya da burtali da fako, yana nan yana ƙanƙancewa. Gonaki na cinsa, birane na cin itacensa, masu magani na tone saiwa da ɓare ɓawo har icce ya mutu a tsaye, garmani kuma, ciyawar nan da dabba ba ta so, tana mamaye makiyaya. Madobiya, da aka yi ta sarewa a Afirka ta Yamma ana lodi zuwa Sin, sai da aka sa ta a jerin yarjejeniyar CITES a 2016 don taƙaita cinikinta. Nijar ta sa hannu a wannan yarjejeniya, ta kuma amince da ta Rio kan kare ire-iren halittu a 1995. Amma sa hannu a Yamai bai taɓa hana gatari faɗuwa a Gulbin Kaba ba.

To, a ƙarfafa ta yaya?

Ni ba masanin shari'a ba ne, amma tarihin nan ya koya mini abubuwa huɗu.

Na farko, dokar 2020 ta isa ƙauye da harshen da ƙauye ke ji. Kakana bai san da ita ba sai da na gaya masa. A fassara ta da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Buzanci, a karanta a gidajen rediyon karkara. Dokar da mai haƙƙi bai sani ba, ta mai kaki ce shi kaɗai.

Na biyu, a yi wa dajin gama-gari abin da aka yi wa gona, wato a nema masa mai shi. A Ɗan Saga, cikin ƙasar Agye, mutanen gari sun kafa kwamitin sa ido da ya haɗa maza da mata da makiyaya, suka yi wa kansu ƙa'ida kan satar itace. Irin wannan ƙa'ida tana bukatar doka ta tsaya mata, don ranar da aka kama mai motar itace daga birni kada ya fi ƙarfin gari. Kuma duk tsarin da ya manta da makiyayi, rigima zai haifa, ba daji ba.

Na uku, jerin abin da ake karewa ya wuce manyan itatuwa. Anza da jiga da gamba ba su da katako, amma su ne rumbun ranar wuya. A tambayi mata da masu magani da makiyaya kafin a rubuta jeri, don su suka fara sanin abin da ya ɓace.

Na huɗu, ma'aikacin daji yana da aiki babba, amma a mayar da ƙarfinsa kan masu fataucin itace da gawayi da buhun saiwa, a gona kuwa ya zama malami mai nuna yadda ake sassabe da yadda ake shuka irin da ya ƙare.

Mu ma muna da namu. Kowannenmu yana da tsohuwa a gida mai irin jerin kakata. Hutun nan mai zuwa mu zauna da su da biro da takarda, mu rubuta sunan kowane tsiro, inda ake samunsa da, amfaninsa, da shekarar da aka daina ganinsa. In muka haɗa na Maraɗi da na Damagaram da na Tawa, za mu sami abin ajiyewa a gaban masu yin doka. Ni na fara, ina da suna 23.

Ranar da zan komo, kakana ya raka ni har bakin gona. Gawon da aka ci shi tara a kansa yana nan, kewaye da ƴaƴansa da babana ya rena. Na ce masa yanzu doka ta ce nasa ne. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Da ma nawa ne. Su ne ba su sani ba." Ya ƙara da cewa in na sake zuwa in zo masa da ƴaƴan tsada ko daga ina ne, yana son ya shuka a bakin iyaka kafin ƙasa ta rufe masa ido. Har yanzu ina nema. Duk wanda ya san inda take, don Allah ya sanar da ni ta hannun ƙungiya.